Rufin Ɗakin Ƙofar Guga

Litinin, 19 ga Afrilu 1976, bayan La'asar

Kwamiti ya zauna a zauren shugabanmu, Malam Tanko tela. Magana ɗaya ce: bango ya tashi, rufi babu. Ɗakin haihuwar da mu 'yan Ƙofar Guga muka gina da aikin gayya cikin rani yana nan tsaye, ciki da falo, baki buɗe yana kallon sama. Da tubalin ƙasa muka yi shi. In ruwan farko ya same shi a haka, sai dai mu je mu kwashe taɓo. Abin da muka tara ya ƙare a ƙofofi da tagogi. Kwano da katako da ƙusa sun fi ƙarfin karo-karonmu, don tun da kuɗin mai ya shigo ƙasar nan komai ya yi tashin hauka.

Aka ce a nemi babban mutum ɗaya ya ɗauki rufin. Nan take kowa ya hau jefo suna, wannan ya ce wane, wancan ya ce a'a, wane ya fi shi. Na ce a dakata. Na gaya musu abin da wani jami'i ya koya mana a kwas a Zariya, cewa kafin ka roƙi mutum sai ka san ƙarfinsa. Malam Tanko ya ce, "To Malam Sammani, ai kai ne malamin lissahi, sai ka lissaho mana shi." Aka yi dariya, aka bar mini aikin.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na samu abin yi tsakanin tashi daga makaranta da Magariba, lokacin da gidan nan ya fi yi mini faɗi.

Laraba, 21 ga Afrilu, gab da Magariba

Na fara. Tsarina mai sauƙi ne, abin da ido ya gani shi zan rubuta: mota, bene, shago, sito. Wanda nasa ya fi yawa shi za mu tunkara, mu nemi abin da ya yi daidai da ƙarfinsa, kada mu roƙi kaɗan mu yi asara, kada mu roƙi da yawa mu sha kunya.

Sunan da ke bakin kowa shi ne Alhaji Ɗanliti ɗan kwangila. Ba a daɗe ba a kan keke yake tallar yadi, yau ga bene a Ƙofar Durbi, ga farar Marsandi, ga manyan motoci suna jigilar siminti. Na tsaya tsallaken gidansa ina taɓa sarkar kekena kamar ta zame, na ƙare wa benen kallo. Har da fitilu masu launi a kan katanga, a kunne da rana tsaka.

Garejin motocinsa yana hanyar Kano. Ta Ƙofar Kaura ya fi kusa. Na zagaya.

Juma'a, 23 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Hajo ta kawo langa. Tsohuwar dillaliya ce, ita ke shiga gidaje da hajar surukata, Hajiya Kulu ta Ƙofar Kaura, man gyaɗa da ƙuli da atamfa, kuma ita ke kawo mini abinci daga can duk Juma'a. Tun da aka yi addu'ar arba'in ɗin matata ban taka gidan ba, su kuma ba su fasa aikowa ba.

Ta tsaya bakin zaure. Ba ta shiga ciki yanzu, ta san ba wadda za ta gaisar. "Malam, ina wuni, ya zahi, ya makaranta, ya ƙarin haƙuri?" Na amsa su ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Hajiya ta ce a tambaye ka ya aikin gini."

Na ce a ce da godiya, ina gaisuwa.

Dambu ne da zogale. Na ci rabi a tsaye na rufe sauran. Hannun uwar da na 'yar ɗaya ne a dambu, shi ya sa ba na iya zama in ci.

Lahadi, 25 ga Afrilu, da hantsi

Zafi. Na share tsakar gida, na share ɗakin da ba na kwana a ciki, na sake share tsakar gida.

Talata, 27 ga Afrilu, bayan Magariba

Malam Tanko ya ce in duba Alhaji Sada mai fata. Na duba. Tsoho ne, da ƙafa yake zuwa kasuwa, rigarsa ta sha wanki har ta manta launinta, gidansa na ƙasa ne, ko ƙarar rediyo ba a ji daga waje. Na ja layi a kan sunansa. Da yamma a wajen mai shayi na ji ana cewa rijiyoyin da ya haƙa a ƙauyukan hanyar Jibiya ba wanda ya san iyakarsu. Na koma na goge layin. Yanzu wurin ya yi baƙi, kuma ban san inda zan sa shi ba. A kwas ba a gaya mana yadda ake auna mutumin da ba ya son a auna shi ba.

A nan wajen mai shayin na haɗu da Lado, direban ɗaya daga cikin motocin Alhaji Ɗanliti. Na saya masa shayi da burodi, hira ta yi daɗi. Rabon da in yi doguwar hira da mutum har na manta. Na tambaye shi motocin nawa ne, ya faɗa. Siton simintin fa, na Alhaji ne ko haya yake? Ya faɗa. Don kada in manta, sai na zaro ɗan littafina na rubuta a gabansa. Ya dubi biron, ya dubi fuskata, ya ajiye kofi da sauran shayi a ciki ya ce zai je ya yi sallah. La'asar ta wuce, Magariba kuma da saura.

Alhamis, 29 ga Afrilu, da yamma

Malam Tanko ya tare ni a ƙofar shagonsa, tef a wuya.

"Malam Sammani, yaushe za mu tahi wurin mutanen nan? Dubi gabas."

Na duba. Hadari ne ɗan siriri, bai kai a tsorata ba. Na ce masa ban gama ba, akwai abin da ban tabbatar ba tukuna, gidajen hayar Ƙofar Durbi na Alhaji Ɗanliti ne ko na ƙaninsa.

Ya ce, "Mu fa ba auren ɗiyarshi muka zo nema ba, kwano muke so."

Na ce ai haka ake faɗuwa, a je wa mutum ido rufe. Ya koma kan keken ɗinkinsa.

Abin da ban gaya masa ba shi ne ina tsoron ranar da zan gama. Ban san abin da zan yi da yammacina ba.

Juma'a, 30 ga Afrilu, bayan an sauko masallaci

Hajo. Tuwon shinkafa. Ya aikin gini. A ce ina gaisuwa.

Litinin, 3 ga Mayu, bayan La'asar

Wani abu ya faru a majalisa, ko kuma dai ba abin da ya faru. Na isa gindin dalbejiya ana ta musu a kan wanda ya samu kwangilar sabon titi. Ina yin sallama aka amsa, aka koma maganar zafi. Zafin bana ya fi na bara. A'a, na bara ya fi. Aka yi ta juya zafin nan har na tashi. Ina hawa keke na ji musun titi ya dawo.

Na saba da shirun mutane tun bara, amma wancan na tausayi ne, ana yin sa ana kallon ƙasa. Wannan ana yin sa ana kallon aljihun rigata.

Alhamis, 6 ga Mayu, da safe kafin makaranta

A sahun Asuba wanda ke gefena ya matsa. Kaɗan ne, amma ƙafata ba ta taɓa tasa ba har aka sallame.

Juma'a, 7 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Yau Hajo ta ajiye langa ba ta juya ba. Ta dubi lungu dama da hagu.

"Malam, ni tsohuwa ce, in hwaɗa maka abin da ake cewa a gidaje?"

Na ce ta faɗa.

"Ana cewa kana rubuta sunan masu kuɗi kana kai wa kwamitin binciken soja. Wai mota-mota kake bi, har da sito. Matan Alhaji Ɗanliti sun kwashe gwalagwalansu sun tura cikin tukunyar daddawa."

Na yi dariya, na daɗe ban ji muryata tana dariya ba, sannan na gane ba abin dariya ba ne. Tun bara ake korar manya daga aiki, ana ƙwace gidaje, rediyo ba ta da labari sai bincike. A irin wannan lokaci ni kuma na ɗauki biro na shiga gari ina tambayar wa ke da me. Malamin lissafi ke nan. Na lissafa komai ban lissafa shekarar da muke ciki ba.

Da za ta tafi ta ce, "Hajiya ta ce ya aikin gini."

Na ce a ce ina gaisuwa.

Lahadi, 9 ga Mayu, bayan Azahar

Alhaji Ɗanliti ya aiko Lado ya kira ni. Lado bai gaishe ni ba, ya dai buɗe mini ƙofar mota.

Falon da na yi ta kintata daga tsallaken titi yau na shiga. Kujerun kushin har yanzu da ledarsu, fanka tana juyawa, firiji a tsakiyar falo inda baƙo zai gan shi. Na zaci faɗa zan tarar. Sai na tarar da mutum ya rame, yana share gumi da hularsa.

"Malam, mi na yi maka? In wani ne ya sa ka, hwaɗa mani in ji. Ka gaya masu motocin nan na banki ne, ko taya ban gama biya ba. Benen nan ma takardarshi tana can."

Na ce, "Alhaji, wallahi ba wanda ya sa ni. Kwano muke nema." Na yi masa bayanin ɗakin haihuwa, da bango, da damina.

Ya kafe ni da ido. Sai ya fashe da dariya har da hawaye, yana dukan hannun kujera. Daga nan dariyar ta tsaya cak.

"Kwano! A kan kwano ka hana ni barci? Na kwashe takarduna na kai ƙauye wurin gwaggota a kan kwano? Malam, da ka shigo ka yi sallama ka ce Alhaji ga abin da muke ciki, wallahi ko rance ne sai na ci na ba ku, ko don a ce ni na yi. Yanzu hwa? In na ba da ko ƙusa ɗaya, gobe a ce Ɗanliti ya toshe bakin ɗan rahoto, ashe shina da abin ɓoyewa. Ka rufe mani ƙofa, ka rufe wa kanka."

Ya sa aka ba ni lemo mai sanyi. Na riƙe kwalbar har ta huce ban sha ba. Da ƙafa na dawo.

Litinin, 10 ga Mayu, da yamma

Ban je majalisa ba. Ba wanda ya aiko ya ji ko lafiya.

Laraba, 12 ga Mayu, bayan La'asar

Na je wurin Alhaji Sada, wannan karon ba littafi ba biro. Na same shi a zaure kan buzu, warin fata ya cika wurin. Muka yi doguwar gaisuwa, ya ambaci mahaifina da sunansa, ashe tare suka yi karatun allo. Duk bin diddigin da na yi ban gano wannan ba, shi kuwa ya san ni tun ina rarrafe.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har ƙarshe bai katse ni ba.

"Ɗana, ni ruwa ne aikina. Abin da na ware bana na riga na ba masu haƙa, suna cikin rami yanzu haka, ban iya ce masu su hito. Da ka zo tun kuna kwaɓa ƙasa, da mun san yadda muka yi." Ya ce ƙusa dai ya ɗauka, a aiko a karɓa. Na yi godiya. Har na fara neman takalmina ya ce, "Ba kai ne surukin Hajiya Kulu ba? Ita mi ta ce?"

Na ce ban tambaye ta ba.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Allah shi ƙara haƙuri.

A hanya na yi ta ba kaina hujja. Mace ce a cikin gida, ba mota ba shago, man gyaɗa take aunawa a kwalba. Me zan rubuta a gaban sunanta? Kuma a ina aka taɓa jin suruki ya tsuguna gaban surukarsa da roƙo? Ni da ko a hanya na hango ta sai in sake lungu, tun ana zaune lafiya ma. Balle yanzu. Ta ba ni 'yarta tana tafiya da ƙafarta.

Juma'a, 14 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Hajo ta sauya tambaya. "Hajiya ta ce, an samu kwanon?"

Na ce a ce ana nan ana nema, ina gaisuwa.

Ta tsaya tana gyara lulluɓi. "Malam, ƙafarka dai lahiya?"

Na ce lafiya lau.

"To. Na ga ma har keke gare ka." Ta tafi.

Tsofaffin nan ba sa rasa abin faɗa.

Asabar, 15 ga Mayu, bayan Magariba

Kwamiti ya zauna. Da na shiga na ga an riga an gama maganar, ni kawai ake jira a gaya wa. Malam Tanko ne ya ɗauki nauyin faɗa, kuma ya yi ƙoƙari, bai ɗaga kai daga tabarma ba.

"Malam Sammani, ba don wani abu ba, ka ɗan huta. Duk gidan da muka je, da an ji kana cikinmu sai a ce maigidan shina barci. Mun san zuciyarka. Gari ne bai sani ba."

Na ce ba komai, gaskiya ne. Aka yanke a rufe kan bangon da zana da buhunan siminti kafin Allah ya kawo mai bayarwa. Aka yi fatiha. Ba wanda ya tuna wa ya fara kawo maganar ɗakin nan, wa ya bi gida-gida da ita tun kaka. Ni ma ban tuna musu ba. Amma abin ya yi mini ciwo, kuma ba ni da wanda zan gaya wa ya yi mini ciwo.

Talata, 18 ga Mayu, gab da Magariba

Na je wurin ginin ni kaɗai. An ɗora zanar, an danne da duwatsu, kallo ɗaya za ka yi ka san ba za ta tare komai ba. Na shiga ɗakin ciki na zauna a ƙasa, daidai inda muka ce gadon zai zauna. Sama a buɗe, shaho yana shawagi.

Daga nan zuwa ƙofar gidana ko tsohuwa mai sanda za ta taka ba ta huta ba. Bara da damina, ranar da ruwa ya shanye hanya mota ta kasa shigowa lungu, a amalanke muka nufi babban asibiti da matata tana naƙuda. Ni nake turawa, maƙwabta suna riƙe da tabarma a kanta. Asibitin ba shi da nisa in ba sauri kake ba.

Ba zan rubuta sauran ba.

Alhamis, 20 ga Mayu, da La'asar

Iska ba ruwa. Ta kwashe rabin zanar ta kai bayan ganuwa.

Juma'a, 21 ga Mayu, bayan an sauko masallaci

Hajo ta ajiye langa ta ce tana sauri, ba za ta jira a juye ba. Ba ta tambayi gini ba. Na shirya amsata a baki, ba a nema ba.

Lahadi, 23 ga Mayu, bayan Azahar

Ruwa.

Litinin, 24 ga Mayu, da hantsi

Ban je makaranta ba. Jiya tun Azahar ake yi har bayan La'asar, irin ruwan da manoma ke ɗaga hannu suna godiya. Ni ina zaure ina jin sa a kan rufin gidana, ina ganin laifin rufin.

Da safe na je. Bangon gabas na ɗakin ciki ya zube gaba ɗaya, ya ja na kudu ya tsage. Tagar da muka saya tana kwance cikin taɓo. Falon ne kawai ya tsira. Mutanen unguwa sun taru, waɗanda suka kwaɓa ƙasar nan da ƙafafunsu cikin sanyi, mata suna leƙe ta kan katanga. Ba wanda ya ce mini komai. Malam Tanko ya zo ya tsaya kusa da ni, muka ɗaga tagar tare muka jingine ta. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

Laraba, 26 ga Mayu, da yamma

Na buɗe ɗan littafin binciken nan ina neman inda lissafin ya karkace. Bai karkace ba. Motocin suna nan yadda na rubuta su, benen yana nan. Na sa shi a murhu na dafa shayi.

Juma'a, 28 ga Mayu, bayan Magariba

Hajo ba ta zo ba. Na jira har La'asar, langar makon jiya a wanke a kan dakali. Daga nan na ɗaure ta a bayan keke, na sayi goro, na bi ta Ƙofar Kaura. Ba roƙo na je ba. Na rasa inda zan yi sallama ne a garin nan a amsa mini da sakin murya.

Lungun yana nan yadda na bar shi, ƙamshin suyar ƙuli tun daga bakin hanya. Na tarar da Hajo zaune a zaure ta miƙe ƙafa. Ta ce, "Ashe keken shina tahiya." Ta shiga ta yi mini iso.

Na tuɓe takalmi tun daga zaure, na tsuguna a ƙofar ɗakin Hajiya, kaina a ƙasa. Labule a sake, ita tana ciki. Muka gaisa. Ina wuni, ina gajiya, ya gida, ya makaranta, ya ruwa. Ta tambayi kowa nawa har da gwaggota ta Batsari. Gaisuwa ta ƙare, ina jin motsin carbinta.

"An ce bango ya hwaɗi."

Na ce, "Ya faɗi, Hajiya."

Ta ce, "Hajo, buɗe ma Malam ɗakin can."

Na san ɗakin. Daga cikinsa aka fito da ita aka kai mini. Hajo ta cire kwaɗo ta tura ƙyauren, ta koma gefe.

Kwano ne, sabo fil, bandir a kan bandir, jingine da bango har kusa da rufi. Katako a shimfiɗe a ƙasa an ɗora a kan duwatsu saboda gara. Ƙura ta kwanta a kai, gizo-gizo ya yi saƙa tsakanin kwanon da bango. Na tsaya riƙe da goron da ban ma miƙa ba.

Muryarta ta fito ta bayan labule. "Tun Mauludi shina nan. Kayan ɗakin yarinyar nan na sa Hajo ta sayar, gado da tasoshi da 'yan kunne, na cika da nawa. Rabin abin ma gadonka ne da ka ƙi zuwa ka amsa."

Na koma na tsuguna. Na ce, "Hajiya, da an aiko..."

"In aika? A ce Kulu ta ɗora kwano a amalanke ta ratsa gari don ɗiyar hwari? Ni da ko sunanta ban taɓa kamawa ba? Naka ne ka zo ka ce Inna ga abin da muke ciki, in ce ɗauka, gari shi ce kwamiti ya samo. Duk Juma'a ina tambaya. Duk Juma'a kana gaisuwa."

Na ƙara sunkuyar da kai.

"Na ji ka bi gari kana ƙirga motocin mutane. To ni ba ni da mota." Nan muryarta ta karye. Ta ja hanci ta ce wa Hajo hayaƙin suyar nan ya yi yawa, a rage itace. Ba a suya a lokacin, wutar ta daɗe da mutuwa.

Na juya fuskata wajen bango na yi kuka, a tsugune, a gidan surukai, abin da ko ranar jana'iza ban yi ba. Ba wanda ya ce in yi shiru. Hajo ta karɓi goron daga hannuna ta kai ciki.

Litinin, 31 ga Mayu, bayan La'asar

An kwashe kwanon jiya da sassafe, an karɓo ƙusa wurin Alhaji Sada. Malam Tanko ya tambaye ni wa ya bayar, na ce wani bawan Allah. Ya dube ni, ya dubi amalanken da hanyar da ya fito, bai sake tambaya ba.

Mati magini ya ce falon kaɗai za a iya rufewa. Ɗakin ciki sai bayan damina, ba a gina ƙasa ruwa yana sauka. Gado ɗaya zai shiga falon in an matse. Sauran kwanon mun mayar Ƙofar Kaura, ɗakin da ya fito, zai yi daminar nan a jingine. Da na je ranar da aka fara tambayata, da yanzu ɗakuna biyu ne a rufe. Na san wannan, zan kuma ci gaba da saninsa duk ranar da aka yi ruwa.

Ina jin bugun guduma daga nan inda nake rubutu.

Hajiya ta ce ƙafar Hajo ta gaji, daga yanzu in riƙa zuwa ina ɗaukar langar da kaina. Na ce to. Mun daɗe muna magana ta bayan labule, a kan gini, a kan tsadar gyaɗa, a kan yadda yarinyar nan take ƙin albasa tun tana ƙarama. Har na fito, daga ni har ita ba wanda ya kama sunan.

Bari in rubuta shi a nan, tunda ba mai ji.

Furera.